Ranar da Na-Sani Ya Saita Fari

A duk layin shagunan nan ba a taɓa samun wanda ya kai ƙarshen zance da Na-Sani ba. Kana buɗe baki zai tare ka da "Na sani," ko da kuwa mafarkin da ka yi jiya za ka ba shi labari. Da haka laƙabin ya manne masa, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Yayarsa kaɗai ke kiransa Auta, ita ma sai ranar da ta tashi da farin rai.

Ya ba talatin baya, kuma babu sana'ar da bai leƙa ba. Gyaran rediyo ya yi wata biyu, tuƙin mota sati uku, ɗaukar hoto kwana tara. Ko'ina da dalili ɗaya ya baro: maigidan bai kai shi sani ba. Da ya rasa wanda ya isa ya koya masa, sai ya tare a ɗan ɗakin da ke bayan shagon ɗinkin Yaya, yana ci daga tukunyarta, yana kuma taimaka mata da gyaran kurakuran da ba ta san tana yi ba.

Ita Yaya shekararta ashirin da biyu a kan keken ɗinki, kuma tana da wata ɗabi'a da ke ci wa Na-Sani rai. Duk farin yadin da aka kawo mata, ba ta sa masa almakashi sai ta kai shi bakin ƙofa inda rana ke faɗowa. Sai ta ciro wata farar takarda da take ajiyewa a aljihun keken, ta ɗora a kan yadin, ta ƙura ido. In sun zo ɗaya ta yanka, in sun bambanta ta mayar wa mai shi.

"Mutane sun je wata sun dawo," in ji Na-Sani, "Yaya na nan da takarda."

"In ka je watan ka zo mini da zare," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

To, wata safiya yana kishingiɗe a benci yana tone-tonen wayarsa, sai yatsansa ya kai shi wani lungu na saiti da bai taɓa shiga ba. Wani ɗan layi ne da ɗigo a tsakiya. Ya ja ɗigon hagu, fuskar wayar ta yi rawaya-rawaya, an rubuta ɗumi. Ya ja shi dama, ta yi shuɗi-shuɗi, an rubuta sanyi. Ya leƙa cikin kyamara, ya tarar nan ma akwai irinsa, na daidaita fari. Nan take ya miƙe zaune. Abin da kowane mai waya ke wucewa ta kansa kullum, shi a wurinsa ilimi ne da aka ɓoye wa duniya sai yau.

Ya ja nasa ɗigon har ƙarshen sanyi, na fuska da na kyamara duka, ya fito tsakiyar layi yana ɗaga wayar sama.

"Jama'a, duk wayoyinku ƙarya suke muku! Abin da kuke kira fari ba fari ba ne. Fari na gaskiya sai ya ɗan yi shuɗi. Daga yau ni ne likitan kala a layin nan. Shago zan buɗe, da allo mai fitila. Amma na farko-farko kyauta zan yi muku, don zumunci."

Kalmar kyauta ce ta ja Mahauci, mai teburin nama a tsallaken shagon Yaya. Shi kullum da safe yakan ɗauki hoton naman da ya rataye ya tura wa matan da ke saye a wurinsa, kowace ta zaɓi inda take so a yankar mata. Ya goge hannu a gaban riga ya miƙa wayar.

"Malam Na-Sani, a dai bi a hankali, da ita nake..."

"Na sani."

Washegari kafin hantsi Mahauci ya ƙetaro titi da wuƙa a hannu, ya ma manta bai ajiye ta ba. Naman da ya yanka da asuba, ja jawur, ya fito a hoto wani iri, tsakanin shuɗi da toka-toka. Mace ɗaya ta tambaye shi ko na makon jiya ne. Wata ta ce a gaishe da iyalan saniyar, da alama sanyi ne ya kashe ta. Ta uku kuwa toshe lambarsa kawai ta yi.

"Ka ga abin da ka yi mini?"

Na-Sani ya karɓi wayar, ya duba, ya gyaɗa kai irin na wanda aikinsa ya yi kyau. "Ai hoton lafiyarsa ƙalau. Matsalar daga wayoyinsu take, ba a saita su ba. Ka ce su kawo mini ɗaya bayan ɗaya."

"In ce wa matan aure goma sha biyu su zo layi a gabanka?"

"Ko mazajen su kawo."

Mahauci ya dubi wuƙar, ya dubi Na-Sani, ya yi ta'awizi sau uku, ya koma teburinsa.

Ta biyu ita ce Goggo mai ƙwai, tsohuwar da ke zama da kwandonta a inuwar shagon Yaya. Ta yi ƙorafin hasken waya na sa mata hawaye. Na-Sani ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, ya ja mata ɗigon har ƙarshen ɗumi. Da azahar 'yarta ta turo hoton jikarta mai wata biyu. Goggo ta duba, ta saki salati, kwandon ya karkace. Jaririya rawaya shar, daga idanu har tafin ƙafa.

"Shawara! Shawara ta kama mini jika, su kuma sun zauna suna ɗaukarta hoto!"

Ta bar ƙwai a hannun Allah, ta tare mota, ta ratsa gari tana kuka tana zagin surukinta. Ta faɗa gidan ba sallama, ta tarar da jaririya ɓul-ɓul tana wasa da ƙafarta. Da ta dawo da la'asar ta tsaya a kan Na-Sani tana haki.

"Ɗan nan, Allah ya isa tsakanina da yatsanka. Na zagi bawan Allah a gaban maƙwabtansa, har na ce masa mara tausayi."

"To Goggo, idon fa? Ya daina hawayen?"

"Yau na yi hawayen da ban yi ba a shekara!"

"Wannan na zuciya ne, ba na waya ba. Aikina dai ya ci."

Da a nan abin ya tsaya, da an yi dariya an wuce. Sai dai a makon ne aka gama ginin wani ƙaramin asibiti a bakin babban titi, kuma shugabar nas-nas ɗin, wadda kowa ke kira Babbar Sista, ta tako da ƙafarta har shagon Yaya. Mace ce doguwa mai magana a gutsure. Ta jujjuya wata riga da Yaya ta ɗinka, ta duba cikin ɗinkin, ta ce tana son rigunan nas guda ashirin kafin ranar buɗewa.

"Fari nake so, fari tas, irin na auduga. In suka yi mini, zannuwan gado, labule, rigunan ɗakin tiyata, duk naki ne, kowace shekara. In ba su yi ba, akwai tela a ƙarshen layi."

Bayan ta fita Yaya ta daɗe zaune, hannu a kan keke, tana murmushi ita kaɗai. Shekara ashirin da biyu tana canza zif da ƙara wa wando ƙugu, tana jiran rana irin wannan. Ta yi murna har ta kira Na-Sani Auta sau biyu a wuni ɗaya.

Kwana biyu bayan haka ta tashi da ciwon ido. Idanun suka yi ja, suka kumbura, ko hasken ashana ba ta iya kallo. Aka ba ta maganin ɗigawa da baƙin tabarau, aka ce sati biyu kada ta cire, kada kuma ta kalli rana. Ɗinki ba zai gagare ta ba, don hannunta ya san hanya ko a duhu. Kala ce kawai ta fi ƙarfinta, don ta cikin tabaran nan komai ruwan shayi ne.

Ta kira ƙaninta, ta laluba aljihun keke, ta ciro takardar, ta ninke ta biyu, ta sa masa a tafin hannu.

"Auta, yau kai ne idona. Ka je kasuwa wurin Mai Yadi da ƙafarka. Ka fito da yadin waje, cikin rana, ka ɗora wannan a kai. In bai zo ɗaya da..."

"Na sani."

"Ban gama ba."

"Na san sauran ma."

Ya cusa takardar a aljihun baya, ya fita. Tafiyarsa ba ta wuce kwanar layi ba. Ya sami inuwa ya zauna, ya ce shi ba zai shiga cunkoson kasuwa yana ɗora takarda a kan yadi kamar mai neman aiki ba. Ya kira Mai Yadi ya ce ya turo hoton duk fararen da yake da su. Hotuna uku suka shigo. A fuskar wayar da aka ja har ƙarshen sanyi, na ɗaya ya fito shuɗi sosai, na biyu shuɗi kaɗan, na uku kuwa fari fat.

"Na ukun za ka aiko, bandir biyu."

"Na uku?" in ji Mai Yadi. "Ba na nas-nas ka ce ba? Na uku fa ruwan madara ne. Na ɗaya shi ne farin asibiti."

"Na ɗayan da ya yi kamar an wanke shi da bula? Malam, shekara nawa kana sayar da yadi?"

"Talatin."

"To shekara talatin kana kallon fari da idon da ba a saita ba. Aiko na uku."

"In an yanka fa ba na karɓa."

"Na sani."

Da yamma aka sauke bandir biyu a shago. Na-Sani ya yage ledar. Yadin kam ya yi wani rawaya-rawaya, ko makaho ya shafa sai ya yi tambaya. Ya ɗaga waya ya haska, a fuskarta yadi fari tas. Ya sauke, ruwan madara. Ya ɗaga, fari. Ya yi haka sau huɗu, sannan ya yanke hukunci irin na masana: tsakanin na'ura da ido, ido ne mai ƙarya, tunda shi babu wanda ya taɓa saita shi.

Mahauci ya leƙo karɓar wandonsa da aka yi wa faci, ya tsaya. "Yaya, labulen gidan wa za a yi da wannan ruwan madarar?"

Keken ya tsaya cak. "Auta, me Mahauci ke faɗa?"

"Yaya, mutumin da ya wuni yana kallon jini za ki tambaya fari? Ƙwan fitilar shagon nan ne mai rawaya, tun tuni nake gaya miki."

"Kai shi bakin ƙofa ka ɗora takardar."

"Na ɗora tun a kasuwa. Har takardar ta ji kunya."

Kafin a sake samun wani mai dogon baki, ya ruga ya sayo ƙwan fitila mai shuɗin haske, mafi shuɗin da ya samu, ya hau kujera ya ɗaura. Ya kuma sauke labulen ƙofa, wai don lafiyar idon Yaya. Shago ya koma kamar cikin firji. Goggo ta leƙo, ta ga fuskokinsu, ta ja da baya.

"Wa ya rasu?"

"Ci gaba ne, Goggo."

"To Allah ya ji ƙan ci gaba. Wannan yadin kuma mai kalar man shanu fa?"

"Ke da kika ga shawara a jikin lafiyayyar yarinya, ke ce za ki ba da shaidar kala?"

Goggo ta saki labulen ƙofa. Wannan ya ɗaure ta, ta koma kan ƙwanta tana ƙunƙuni.

Amma hankalin Yaya bai kwanta ba. Ta ɗaga tabaran kaɗan, shuɗin hasken ya soki idonta, hawaye suka zubo. A ɗan abin da ta gani ta cikin hawaye, ƙarƙashin wannan fitila, yadin ya yi kama da fari. Ta mayar da tabarau.

"Auta, ka dubi Allah. Aikin nan shi ne abin da na daɗe ina roƙo."

"Yaya, in yadin nan ba fari ba ne, ni zan sa rigunan da kaina."

Ta yi bisimilla ta sa almakashi.

Kwana tara keke na kuka daga safe har magariba. A rana ta biyar Babbar Sista ta aiko saƙo tana son ganin samfur. Na-Sani ya rataye riga ɗaya, ya ɗauke ta da kyamararsa mai sanyi, ya tura. Amsa ta dawo da kalma ɗaya: "Madalla." Wannan kalmar ya yi yawo da ita shago-shago har faɗuwar rana. Ya nuna wa Mahauci sau uku, ya karanta wa Goggo da ƙarfi, ya ce idan ya buɗe shagonsa zai sa a rubuta ta a jikin allo.

Ranar buɗe asibiti, shi ya ce zai kai kayan. Ya naɗe kowace riga a baƙar leda, ya tsaya aski, ya tsaya goge takalmi, bai isa ba sai da baƙi suka fara zama. Babbar Sista na can bakin ƙofa tana tarbar manya, ta nuna masa ɗakin canza kaya da haɓa kawai. Nas-nas suka zura riguna a gurguje. Ɗaya ta ce, "Anya kuwa?" Na-Sani daga bakin ƙofa ya ce fitilar ɗakin ce, su fito waje su ga ikon Allah.

An kafa rumfa a farfajiya, an jera kujeru, rabin layinsu ya zo kallo. Goggo ta riƙo hannun Yaya ta zaunar da ita a sahu na biyu, da tabaranta, da sabon mayafi. Mahauci na tsaye a baya. Mai sanarwa ya ce ma'aikata su fito a ɗauki hoton tarihi.

Suka fito su ashirin, suka jeru a gaban bangon da aka shafe da farin fenti jiya-jiya. Babban Likita, wani dattijo mai furfura, ya shiga tsakiyarsu da farar rigarsa ta aiki. Ranar hantsi ta sauko a kansu ba ko gajimare. Bango fari, Likita fari, furfurarsa fara, nas-nas ashirin kuwa kamar an tsoma su a shayi mai madara.

Tafin da aka fara ya mutu a hanya. Aka fara ƙus-ƙus. Daga baya aka ji muryar Mahauci, wadda ba ta san raɗa ba: "Ashe gidan shan shayi aka buɗe."

Goggo ta dafe ƙirji. "Allah sarki, 'yan mata har ashirin, duk shawara ta kama su. A kai su asibiti mana!"

"Goggo, ai a asibitin suke," wani ya ce.

Dariya ta ɓarke. Yaya ta juya kai hagu da dama. "Me ake wa dariya? Goggo, me ya faru?" Goggo ta kau da kai.

Da wani mai hankali ne, da ya sulale ta ƙofar baya. Na-Sani tsakiyar fili ya shiga, hannu biyu a sama.

"Jama'a, a natsu! Kada kowa ya yarda da idonsa! Rana ce ke ruɗin ku, hasken hantsi yana da ɗumi. Duk mai waya ya ɗago ta, yanzu zan saita muku."

Ya fizge wayar wani mai babbar riga a sahun gaba, ya ja ɗigo, ya mayar. Ya kama ta matar da ke kusa da shi, ta riƙe gam, suka yi ta ja har jakarta ta zube. Mai ɗaukar hoton da aka ɗauko haya ya rungume kyamararsa ya juya masa baya. Na-Sani ya ja tsaki, ya ce bari ya nuna musu da tasa. Ya ɗauki hoton jerin, ya nufi Babban Likita da sauri, yana murmushin nasara.

"Yallaɓai, duba da kanka. Fari ko ba fari ba?"

Likita ya gyara tabarau ya duba. Rigunan nas-nas kam sun fito fari tas. Sai dai bango ya koma shuɗi, rigarsa ta koma shuɗiya, furfurarsa shuɗiya, leɓɓansa shuɗaye, fuskarsa ta yi toka-toka.

"Wannan na tsakiyar wane ne?"

"Kai ne, Yallaɓai."

"Shekarata talatin da biyar ina aikin nan. In aka kawo mini mutum da wannan fuskar, ba na ɓata allura, 'yan uwansa nake kira."

"Ƙaramin gyara ne." Na-Sani ya ja ɗigon baya. Likita ya farfaɗo, jini ya dawo masa fuska, riguna suka koma ruwan madara. Ya sake ja gaba, riguna suka yi fari, Likita ya sake rasuwa. Nas-nas suka bar layi suka kewaye su suna leƙe. Ya ja baya, ya ja gaba, gumi na ɗiga a kan gilashin.

"Wato," in ji Likita, "ko dai ni in mutu riguna su yi fari, ko in rayu su zauna yadda suke."

"Yallaɓai, da za ka ɗan daure..."

Wata nas ta durƙushe don dariya. Mai sanarwa ya manta lasifika na kunne, tasa dariyar ta karaɗe farfajiya.

"To a saurare ni!" Na-Sani ya ɗaga murya. "Akwai mafita. Bangon nan ne ya cika fari, shi ke tona su. A sake masa fenti ruwan madara. Yallaɓai ma a ɗinka masa riga irin tasu, akwai sauran yadi. Marasa lafiya kuma a ba kowa shuɗin tabarau a bakin ƙofa, in zai fita ya ajiye."

"Furfurar tawa fa?" in ji Likita.

"Akwai hula."

Ana cikin haka Babbar Sista ta juya. Ta shiga ciki, ta fito da dunƙulen auduga irin ta wanke ciwo. Ta je gaban nas ta farko, ta ɗora audugar a kafaɗarta, ta ja da baya taku ɗaya. Ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Audugar na zaune fara sol a kan rigar, kowa na gani.

"Ina telar?"

Yaya ta miƙe. Goggo ta kama mayafinta, Yaya ta zame. Ta fito fili a hankali, ta tsaya a gaban nas ɗin, ta sa hannu ta cire tabaran da aka ce kada ta cire. Rana ta doki jajayen idanun, hawaye suka ɓalle, amma ba ta rufe su ba. Ta dubi audugar, ta dubi rigar, ta bi sauran goma sha taran da kallo ɗaya bayan ɗaya. Nan dariyar mutane ta ƙare, don babu wanda bai ji tausayinta ba.

"Auta, ina takardata?"

Ya laluba aljihun baya ya ciro ta. Tana nan a ninke biyu yadda ta ba shi, sai dai ta lanƙwashe da zama.

"Ka buɗe ta a kasuwa?"

"Yaya, a kimiyyance..."

"Ka je kasuwar?"

Karo na farko a tarihin layin, aka yi wa Na-Sani tambaya bai ce ya sani ba.

Babbar Sista ta juya bakin hannun rigar, ta duba ɗinkin, ta ja shi da ƙarfi bai motsa ba. "Hannunki babu na biyunsa," ta ce wa Yaya. "Amma fari na ce. Wanda zan ba zannuwan gado ɗari, sai na tabbata in ya aiki ido, idon zai je." Ta juya ga nas-nas. "Ku je ku sa tsofaffin kayanku."

Haka aka ɗauki hoton tarihi da tsofaffin riguna. Aikin kuma ya tafi wurin telan ƙarshen layi. Har yau duk ƙarshen wata ana wucewa da bandir-bandir na farin yadi ta ƙofar shagon Yaya, ita kuma takan sunkuyar da kai a kan zif ɗin da take canzawa har sai sun wuce. Abin yana mata ciwo, ba ta kuma ɓoyewa.

Ba ta kori ƙaninta ba, ba ta ko zage shi ba. Da idonta ya warke sai ta sauke shuɗin ƙwan fitila, ta kwance baƙaƙen ledojin nan, ta kira shi da tef a wuya.

"Ɗaga hannu."

"Me za a yi, Yaya?"

"Alkawari ka yi. Ka ce in ba fari ba ne kai za ka sa."

Ta buɗe kafaɗun rigunan, ta rage ƙugu, ta daidaita su ashirin cif a jikinsa. Amma ta bar zagayayyen wuyan yadda yake, da ɗan aljihun ƙirji na sa agogo. Sauran kayansa kuwa ta kulle a akwati, ta rataya makullin a wuyanta.

Yanzu duk safiya, kafin Na-Sani ya taka titi, sai ya tsaya a bakin ƙofar shago inda rana ke faɗowa. Mahauci kan ajiye wuƙa ya ƙwala masa kira, "Sista, an tashi lafiya? Yau allura ko ƙwaya?" Goggo kan gyara zama don kada ta rasa komai. Sai Yaya ta buɗe aljihun keke, ta ciro takardar, ta ɗora masa a ƙirji.

"Wace kala ce wannan?"

"Fari, Yaya."

"Ta jikinka fa?"

"Ruwan madara."

"Da waya ka gani ko da ido?"

"Da ido."

"Yi magana da ƙarfi, Goggo ba ta ji."

"Da ido, Yaya!"

"To je ka. Yadin mai kyau ne, Mai Yadi ya ce yana shekara goma bai koɗe ba."

Na-Sani ya buɗe baki, kalmar nan tasa ta zo har kan harshe. Ya dubi rigar, ya tuna akwai goma sha tara a rataye, ya haɗiye ta.